Allurar fito da ƙwayoyin ɓargo: tana taɓa gado kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ne ke da sikila, an gwada mu duka gidan jinina ne kaɗai ya dace da nashi, za a yi mishi dashen ɓargo a Indiya. To sun ce sai an min wata allura kwana biyar kafin a ɗebi ƙwayoyin, ni kuma na ji ana cewa tana canza ƙwayoyin gado, ga shi ban yi aure ba, dan Allah kar in je in jawo wa 'ya'yan da zan haifa matsala. Ni AS ce. Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya saka miki, ya ba ƙanen naki lafiya. Allurar nan sunanta filgrastim, likitoci kuma G-CSF suke cewa, kuma ba sabuwa ba ce, tun 1991 Amurka ta amince da ita. Iyayen ƙwayoyin jini a cikin ɓargo suke zaune, wani sinadari CXCL12 ne ke riƙe da su ta wata kafa a jikinsu mai suna CXCR4, to ita allurar sai ta sa fararen ƙwayoyin jini su yi yawa, sinadarin ya ragu, riƙon ya sassauta su gangaro cikin jini, rana ta biyar inji ya tace su ta jijiyar hannu.

Maganar da kika ji akwai ƙamshin gaskiya amma an juya ta. Ki ɗauki gadon mutum kamar littafi, allurar ba ta goge harafi ko ɗaya, shafukan da ƙwayar ke karantawa ne ke canzawa, wasu a buɗe wasu a rufe, musamman masu kula da mannewa a ɓargo da rabuwar ƙwaya da garkuwar jiki. Masu bincike sun auna, sun ga ƙwayar da G-CSF ta koro da wadda wani magani daban mai suna plerixafor ya koro da wadda aka zuƙo kai tsaye daga ƙashin ƙugu ba shafi ɗaya suke karantawa ba. Duk wannan a jini da ɓargo yake, ba abin da ɗa ke gada ba ne, kuma bin diddigin masu bayarwa da aka yi na shekaru bai nuna sankarar jini ta ƙaru musu ba.

Shi plerixafor ɗin, wanda aka amince da shi a 2008, toshe CXCR4 yake yi kai tsaye, cikin awowi ya gama aiki. Shi ake wa masu sikila in nasu ƙwayoyin za a ɗiba a gyara, irin maganin Casgevy da Ingila ta amince da shi a 2023, don G-CSF haɗari ne babba ga mai SS, yana tayar da ciwon har ya kai ga rasa rai. Ke mai AS galibi ana yi lafiya lau, amma ki faɗa wa likitocin da bakinki cewa ke AS ce, kar ki ce ai yana cikin fayil.

Abin da za ki ji shi ne ciwon ƙashi, baya da ƙugu, da ciwon kai, in an daina allurar su tafi. Saifa tana ɗan kumbura, in kika ji ciwo mai tsanani a hagun ciki ko kafaɗar hagu asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Kuma ni da ni ce ke sai na tambaye su me ya sa suka zaɓi tacewa daga jini, don a dashen sikila cibiyoyi da yawa sun fi son ɓargon ƙugu, da shi an fi samun raguwar rikicin da sababbin ƙwayoyin da aka dasa ke far wa jikin wanda aka dasa wa.