Sitiyari ya yi nauyi, mota kuma tana rawa a silo

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce tsohuwar motarka sitiyarinta na yin nauyi, injin kuma yana karkarwa in ka tsaya. Kada ka yi saurin sayen famfon sitiyari, don sau da yawa ciwon ɗaya ne.

Injin ne ke juya famfon ta hanyar bel. In silo, wato juyin inji lokacin da mota ke tsaye ba a taka totur ba, ya faɗi ƙasa da wajen juyi 700 zuwa 800 a minti ɗaya, famfon ba ya samun ƙarfin tura mai, sai sitiyari ya ƙage. Gwada wannan: kana tsaye, ɗan taka totur, ka murza sitiyarin. In ya yi laushi, to mai yiwuwa laifin na silo ne. A wanke bakin totur da bawul ɗin silo, a duba fulogi da iyakilina, wato matatar iskar inji. Ƙurar hunturun Sakkwato ba ta barin su lafiya. Zafin bazara kuwa yana tsattsaga ƙananan tiyo na roba, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya. Buɗe bonet ka kasa kunne, za ka ji tana huci.

In kuma nauyin bai sake ba, buɗe murfin man sitiyari. Ya yi kumfa? Iska na shiga. Ya yi baƙi yana warin ƙuna? A canza shi da irin wanda aka rubuta a murfin. Ƙara mai tsini lokacin murzawa, galibi bel ne ya saki.

Don Allah kada ka riƙe sitiyari a ƙurewa, yana kashe famfo. Wace irin mota ce, kafireto ko nozul?