Banki na ta yankar mini kuɗi ga kasuwa ta tsaya, zan iya karɓo su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari. Bara na karɓi rancen naira miliyan 5 a banki, sai kasuwa ta ja baya, har na makara biya wata biyu. Yanzu duk kuɗin da ya shiga asusuna sai an yanki wani abu. Ɗan yayata ne ke riƙe da wayar da alat ke shigowa, shi ne kuma ke zuwa banki. Wani ya ce in ba shi naira 150,000 ya ƙwato mini miliyoyi daga bankin in tada jarina. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya yaye wannan ƙunci, Ya kawo kasuwa. Kada ka ba mutumin nan ko sisi. Kai ƙorafi banki kyauta ne, kai shi Babban Bankin Najeriya (CBN) ma kyauta ne. Wanda ya yi maka alkawarin miliyoyi tun bai ga takardarka ba, halin da kake ciki ya gani yake son ci da shi.

Amma ba shi ne ya fi damuna a wasiƙarka ba. Ka ce "an yanki wani abu". Nawa? Ranar yaushe? Da wane suna? Ba ka faɗa ba, don ba ka sani ba, kuma kuskurenka ke nan. Kai da ba ka barin a fita da turmi ɗaya daga shago sai an rubuta, ka bar asusun da dukan jarinka ke bi ta ciki a hannun yaro, shekara guda ba ka karanta takardar shige da ficen kuɗinka ba. Ban ce yaron ya ci amana ba, wataƙila ya fi ni gaskiya. Sai dai ba shi ya sa hannu a takardar rancen ba, bai san me aka yi yarjejeniya a kai ba, to ta yaya zai gane an wuce gona da iri? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ka je reshen bankin da ƙafarka ka nemi takardar asusun tun daga ranar da rancen ya shigo. A ƙa'idar cajin banki da CBN ya fitar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020, takardar wata-wata kyauta ce, wadda ka nema ta musamman kuma ba ta wuce naira 20 a shafi. Ka ɗauko takardar rancen da ka sa wa hannu ka ajiye su gefe da gefe, da jan biro a hannunka.

Kada ka ɓata ranarka a kan ƙananan yanka. Naira 50 da ake cira a turin kuɗi daga naira 10,000 zuwa sama harajin gwamnati ce, ba za ta dawo ba. Haka kuɗin saƙon alat da harajin VAT na kashi 7.5 a kan kuɗin hidima. Kuma ka sani, shiga matsi kaɗai ba ya wajabta wa banki ya mayar da abin da ya cira bisa ƙa'ida.

Naman yana wajen rancen. Waccan ƙa'ida ta ce kuɗin kula da rance ba ya wuce kashi 1 cikin 100, kuma sau ɗaya ake cirarsa. A miliyan 5, naira 50,000 ke nan. Tarar makara kuma iyakarta kashi 1 a wata, a kan abin da ka gaza biya. In biyan watan naira 500,000 ne, tarar naira 5,000 ce. In ka ga an cire 50,000, to an lissafa ta a kan dukan rancen, ka ja mata layi. Sai kuɗin kula da asusun kasuwanci, wanda a ƙa'idar 2020 iyakarsa naira 1 a kan kowace 1,000 da ka fitar: wanda ya fitar da miliyan 60 a shekara bai kamata a wuce masa 60,000 ba, ban da VAT. Wannan ma ana ciniki a kansa, amma 'yan kasuwarmu da za su kwana suna tayin dila ɗaya ba sa tayawa a banki.

Na taɓa zama da wani mai sayar da kayan masarufi, irin halinka sak, ƙaninsa ke riƙe da komai. Ya zo da takardu cike da leda, wasu ma ba a buɗe ambulan ɗinsu ba. Muka baje su a kan tabarma bayan la'asar, muna bi layi-layi da yatsa. Sai ga kuɗin kula da rance ya fito sau huɗu, duk wata uku, da suna ɗaya. Ya yi shiru ya riƙe haɓa, don duk lokacin nan yana zargin ƙanin nasa a zuci. Ya rubuta, an mayar masa da uku. Kuɗin ba su kai su tada shago ba, amma sun biya masa kusan rabin biyan wata guda, zumunci kuma ya tsira.

Don haka ka cire mafarkin miliyoyi. In akwai ƙari a asusunka, mai yiwuwa dubu goma-goma ne ko ɗari da wani abu. Haƙƙinka ne, ka bi shi, amma ba jari ba ne.

Ka rubuta wa manajan reshe wasiƙa, ka jera kowane yanka da ranarsa da adadinsa da abin da ya kamata a cira. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya, ka karɓi lambar ƙorafi. Maganar baki da jami'in da ke kula da asusunka, ko da kuna gaisawa a masallaci, ba ta zama hujja. Banki na da kwana 30 ya warware ƙorafin cajin da ya wuce ƙa'ida. In ya yi shiru ko amsar ba ta gamsar da kai ba, ka kai wa Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na CBN, haɗe da kwafin mai hatimi. Kada ka yi sanya, domin ƙorafin da ya wuce shekara 6 ba a sauraronsa.

A wannan zuwan kuma ka nemi a sake tsara maka biyan rancen, a tsawaita lokaci a rage na wata-wata. Kuɗin yin hakan bai wuce rabin kashi 1 na abin da ya rage ba, kuma ya fi maka sauƙi a kan tarar da ke hawa duk wata. Kada ka ce za ka kauce ka riƙa zuba ciniki a wani banki. Tun Agustan 2020 akwai tsarin da ke ba banki damar bin lambar shaidar banki (BVN) ta wanda ya sa hannu ya ciri bashinsa daga sauran asusunsa.

Wayar alat ɗin kuwa, ka karɓe ta yau da daddare cikin mutunci, ka gaya wa yaron dalili don kada ransa ya ɓaci. In karatun boko ne ke ba ka wuya, duk ƙarshen wata ku zauna tare, shi ya karanta, kai ka riƙe biron.