Alhaji, injin da ke ninka kuɗi ba ya neman miliyan huɗunka

Tambayar wannan makon daga wani Alhaji ce mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Bayan cinikin sallah na ware naira miliyan 4 da niyyar ƙara sari. Sai ƙanen maiɗakina ya nuna mini wata manhaja a waya, wai AI ne ke juya kuɗi a kasuwar kirifto, wato kuɗin intanet, yana ninka su cikin kwana 30. Ya sa dubu 200, ya cire riba a gabana, na ga alat da idona. Kullum kuma ina ji a rediyo kamfanonin AI na Amurka suna ta kwasar dukiya. Ina tsoron kar a bar ni a tasha. In shiga?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka shiga. Amma abin da kake ji a rediyo ba ƙarya ba ne, kuma da wannan gaskiyar ake yi wa mutane tarko.

Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022 manyan kamfanonin duniya suke rige-rigen gina wannan ƙirƙirarriyar basira da ake kira AI. Wanda ya fi kowa cin kasuwar shi ne kamfanin Nvidia, mai samar da ƙwaƙwalwar da injinan ke aiki da ita. A 2023 darajarsa ta kai dala tiriliyan 1, a watan Yuli na 2025 ta taka tiriliyan 4. To daga ina kuɗin suke zuwa? Haja yake sayarwa, kamar yadda kake sayar da turmi. Shi yake zana ta, kamfanin TSMC na Taiwan ya ƙera, su Microsoft da Amazon da Google da Meta su yi layi su saya. Akwai kaya, akwai mai saye, akwai lissafin da ake bajewa duk wata uku kowa ya gani. Duk da haka, ranar 27 ga Janairu, 2025, da labari ya bazu cewa wani kamfanin China mai suna DeepSeek ya yi irin wannan aiki da kuɗi kaɗan, darajar Nvidia ta zube da kusan dala biliyan 600 kafin a tashi kasuwa. Wuni guda. Uban tafiyar ke nan, shi ma bai san abin da gobe za ta haifar ba, sai wata manhaja da ba ka san ofishinta ba ce za ta yi maka alkawarin riba tsayayya kowane wata?

Ɗauko kalkuletar shago mu buga. Miliyan 1 in tana ninkuwa duk wata, a wata na biyu ta zama 4, a na shida 64, a ƙarshen shekara naira biliyan 4 da miliyan 96. Ka bar ta ta kai wata 26, ta haura tiriliyan 67. Kasafin kuɗin gwamnatin tarayya na 2025 gaba ɗayansa bai cika tiriliyan 55 ba. Mutumin da ke da injin da zai wuce kasafin Najeriya cikin shekara biyu da 'yan watanni, me zai yi da kuɗin atamfarka? Me ya sa yake biyan kamasho ga duk wanda ya kawo masa sabon mutum? Da shiru zai yi ya kulle ƙofa, kamar yadda kai ma in ka samo zanen da ke tafiya ba ka faɗa wa maƙwabcin shagonka inda ka saro shi.

Alat ɗin da ka gani na gaske ne, ban musa ba. Kuɗin wani ne da ya shiga bayan surukinka. Dubu 200 ake biya da fara'a domin a kamo miliyan 4, kuma ga shi har ta kawo su bakin ƙofarka. An yi wannan a idonmu da wata manhaja mai suna CBEX, wadda ita ma da sunan AI ta zo, da alkawarin ninki cikin kwana 30. A watan Afrilu na 2025 cirar kuɗi ta tsaya, sai aka ce wa mutane su ƙara biyan dala 100 ko 200 na tantancewa kafin a buɗe musu asusu. Wasu suka biya. A Ibadan mutane suka fasa ofishinta suna kwasar kujeru, hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba, EFCC ta shiga bincike. Kafin ita an yi MMM, wadda ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Riga kawai ake sakewa: jiya taimakon juna, yau AI. Yanzu ma da ita wannan fasahar ake haɗa bidiyon bogi, ka ga fuskar Aliko Dangote da muryarsa suna tallar abin da bai san da shi ba.

Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris ɗin 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyu ga masu irin wannan harka. Doka ce mai kyau. Sai dai ɗaure ɓarawo daban, dawo da dilar shadda daban.

Maganar tsoron a bar ka a tasha ita ce ta fi damuna, don ita ke sa mai hankali ya yi abin da shi kansa zai hana ɗansa. Ka tuna lokacin da waya ta shigo a 2001, layi ɗaya ana sayensa sama da naira dubu 20. Wa ya ci moriyarta a Kano? Mai laima da tebur da ke sayar da kati, mai caji, mai gyara, yaran da suka cika kasuwar waya ta Farm Centre, da irinku da kuka daina hawa mota zuwa Legas don jin farashi kawai. Babu wanda ya miƙa jarinsa ga baƙo a cikinsu. A Amurka kuwa, inda aka yi rububin hannun jarin kamfanonin intanet, kasuwar hannun jari ta Nasdaq ta faɗi da kusan kashi 78 cikin 100 tsakanin Maris ɗin 2000 da Oktobar 2002. Intanet ɗin ba ta mutu ba, ga ta muna cikinta tsundum. Amma wanda ya sayi hannun jarin Cisco, kamfanin na'urorin haɗa intanet, a ganiyar tashe ya yi fiye da shekara 20 yana jiran farashin ya koma inda ya saya. Fasaha na iya zama gaskiya, wanda ya saya da zafi kuma ya ƙone.

Rabonka a wannan sabuwar tafiya yana cikin wayar da ke aljihunka, kuma bai kai kuɗin turmi biyu ba. In kana sari daga Guangzhou ta China, sa yaron shagonka ya riƙa ɗaukar hoton takardar kaya yana fassarawa, ya rubuta wa mai masaƙa saƙo da harshensa ba sai an jira dillali ba. Amma lamba da yadi da launi, ka duba da idonka sau biyu, don injin nan yana zuba kuskure da ƙarfin hali kamar ɗan kamashon da bai san kayan ba. Ka buɗe WhatsApp Business, a jera kowane zane da hotonsa da farashinsa, hoton a ɗauke shi a bakin ƙofa da safe, ba ƙarƙashin ƙwan shago da ke mayar da ruwan toka shuɗi ba. Matan da ke saro turmi biyar-biyar su sayar a gida, da kwastomominka na Maraɗi da Damagaram, su zaɓa daga inda suke. Littafin bashin nan da ya sha maiƙo, a mayar da shi cikin waya, ka san wa ya wuce wata biyu bai leƙo ba, wane zane ne ya yi kwantai tun azumi. Na sha zama da 'yan kasuwa muna buɗe irin wannan littafi, sai ka ga kuɗin da ke kwance a hannun mutane ya fi wanda ake nema a waje. Kuma ka kafa doka a shago: kaya ba sa fita sai an ga kuɗi a cikin asusu, ba a saƙon da mai saye ya nuna ba.

In har zuciyarka ta nace sai ka mallaki wani abu a kamfanonin nan, akwai hanyar da doka ta sani. Akwai dillalan hannun jari masu rajista da SEC da ke saya wa 'yan Najeriya hannun jarin Amurka ta waya. Ka nemi sunan kamfanin a shafin hukumar da kanka, kada ka yarda da hoton satifiket, kuma takardar rajistar kamfani ta CAC ba lasisin karɓar jarin mutane ba ce, shagonka ma yana da ita. Ka sa abin da in ya ragu da rabi ba zai hana ka barci ba. A miliyan 4 ni ba zan wuce dubu 300 ba, kuma da niyyar mantawa da su shekara biyar. Ka sani hawa da saukar dala ma yana cikin lissafin, 'yan canji na Wapa za su ba ka labarin wannan. Batun halascin kowane kamfani kuma ka kai wa malaminka tare da bayanin abin da kamfanin ke sayarwa da yawan bashin ruwan da ke kansa. Sauran kuɗin su koma inda ka yi niyya tun farko, sarin da ka san kansa da gindinsa.

Saura surukinka. Kada ka yi masa faɗa a gaban yayarsa, shi ma kamun aka yi masa, kuma da kyakkyawar niyya ya zo maka. Kira shi shago bayan la'asar, ka ce ya nemi cire komai yau, uwar kuɗi da riba, kada ya bar ko sisi. In sun fita, ya gode wa Allah ya goge manhajar, kada ya ƙara kai kowa. In aka ce ya jira kwana 45, ko ya biya kuɗin tantancewa, ko ya kawo mutum uku tukuna, kada ya ƙara ko naira ɗaya. Ya ɗauki hoton duk tiransifa da lambobin asusun da ya tura wa kuɗi, ya kai wa bankinsa da ofishin EFCC na Kano da sassafe.