UWB zai ƙara saurin tura bidiyo?

Ɗan'uwa, ka ce wani mai shago a Marwa ya ce maka waya mai UWB (Ultra-Wideband, wata fasahar rediyo ta gajeren zango) ta fi saurin tura bidiyo zuwa kwamfuta. Tsohon zance ne. Wireless USB, wato USB marar kebul, da aka gina kan UWB yakan kai megabit 480 a daƙiƙa cikin mita 3, a mita 10 kuwa ya faɗo 110. Bai samu kasuwa ba, Wi-Fi ya danne shi.

UWB na wayoyin yau, tun iPhone 11 a 2019, tazara yake aunawa, kamar nemo makullin da aka maƙala wa AirTag, ƙaramar na'urar Apple ta gano inda kaya suke. Kada ka ƙara ko sefa ɗaya saboda sauri. Ni da kebul nake turawa. In nemo kayan da suka ɓata kake so, mai gyaran waya ya duba maka samfurin, don yawancin masu araha ba su da shi.