Tambayoyinku: Bidiyon wasan daɓe zai iya koya wa yara dirama kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya ƙoƙari. Ni malamar Hausa ce a wata sakandiren 'yan mata, kuma aka haɗa min da kulob ɗin dirama alhali ni kaina ban taɓa hawa dandamali ba wallahi. Matsalata in muka zo karatun littafin wasan kwaikwayo yaran nan karantawa suke kamar masu karanta labarai a rediyo, ba rai ba motsi, kuma da na ce wasa sai su ɗauka fim nake nufi. Wata ƙawata ta ce in riƙa nemo bidiyon wasannin da aka yi a kan dandamali ina kunna musu, shi ne na ce bari in tambaya, anya zai yi amfani ko cin lokacin aji ne kawai? Kuma a ina ma ake samu?
Malama, daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba da lada. Ƙawarki ta ba ki shawara mai kyau, amma fa akwai tarko a ciki, bari in fara da amfanin tukuna.

Littafin wasa ba a rubuta shi don a zauna a karanta ba, don a miƙe a yi shi aka rubuta, to yarinyar da ba ta taɓa ganin wasan daɓe ba in ta ga an rubuta fitowa ta biyu, ko an sa a baka biyu cewa wance ta juya baya ta yi shiru, ba ta san me ake nufi ba, tsallakewa take. Ranar da ta ga ɗan wasa ya tsaya cak bai ce uffan ba amma duk zauren ya yi tsit saboda shi, ranar za ta gane shirun ma magana ce. Wannan ko kwana za ki yi kina bayani a allo ba zai shiga kamar minti biyu na kallo ba.

Sai dai ki fara raba musu fim da wasan daɓe, don nan ne ruɗanin yake. A fim ana yankewa a sake ɗauka har sai ya yi, kyamara ta matso fuska a ga hawaye. A dandamali kuwa ba yanke, in ka manta layinka a gaban jama'a kai da Allahnka, kuma dole muryarka ta kai ga wanda ke kujerar ƙarshe. Bidiyon wasan daɓe yana tsakiya ne, wasan na gaske ne da 'yan kallo a zaune ana jin dariyarsu da tarinsu, amma kyamara ce ta zaɓa miki inda za ki kalla. A zaure idonki naki ne, kina iya ƙyale mai magana ki kalli bawan da ke raɓe a gefe yana harara, a bidiyo kuma wani ne ya yanke miki hukunci. Ki faɗa wa yaran wannan tun farko, har ki riƙa tsayar da bidiyon kina tambayarsu, yanzu sauran 'yan wasan da ba ma gani ina suke tsaye?

Tarkon da na ce kuwa shi ne kwaikwayon kwaikwayo. Na taɓa kunna wa 'yan ajina wasa sukutum tun kafin su gwada da kansu, washegari kowa ya zo yana ɗaga hannu irin na mutumin cikin bidiyon, har yadda yake gyara hula, na yi ta fama in raba su da shi abu ya gagara, sun riga sun ɗauka haka kaɗai ake yi. Laifina ne ba nasu ba. Tun daga nan na juya tsarin, su fara karanta fitowar, su ture bencina su yi ta yadda suka fahimta komai muninta, sannan in kunna musu daidai wannan wurin, minti biyar zuwa goma bai wuce ba, in kashe, a yi musu a kan wa ya fi kama ma'anar, su ko ƙwararrun. Za ki sha mamaki, wani lokacin ta bayan aji da ba ta magana ita ke cewa ai ni da ba haka zan yi ba. In kin samu bidiyo biyu na wasa ɗaya daga ƙungiyoyi daban to kin tsinci dami a kala, don nan take za su ga magana ɗaya ana iya faɗarta da fushi ana iya faɗarta da ba'a.

Maganar inda ake samu, gaskiya Turawa sun yi nisa. Gidan wasan National Theatre na Landan tun 2009 suke ɗaukar wasanninsu da kyamarori da yawa ana haskawa a silima, a 2019 kuma suka buɗe rumbu na musamman don makarantu, makarantun gwamnatin Birtaniya kyauta suke kallo, na waje kuma sai an biya, ga tsadar data ga Turancin da sai yaro ya kasa kunne. Lokacin korona a 2020 sun riƙa sakin wasa ɗaya duk mako kyauta a YouTube. Ga masu adabin Turanci da ke fama da Shakespeare a WAEC irin wannan na taimakawa sosai. Amma ke da kike koyar da Hausa ki fara dubawa kusa, sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru suna da dandalinsu na ginin ƙasa tun shekarun 1970 kuma ɗalibai na yin wasanni a can, Funtuwa zuwa Zariya ai ba nisa, ki tuntuɓe su ko kwalejin ilimi mafi kusa da ke. Kuma kar ki raina tashe, daga goma ga azumi yara ke cika unguwa da shi, akwai shiga akwai waƙa akwai 'yan kallo, ki ɗauki guda biyu a waya da izinin iyayensu ki kawo aji, ai darasi ne guda.

Kayan aiki kuma kar ki jira majigi, ki sauke bidiyon a gida ki zo da laftof ko waya da 'yar sifika mai caji, a kasa yaran rukuni-rukuni, don in kika dogara da wutar NEPA sai zangon ya ƙare ba ku kalli komai ba.

TAMBAYA: Malam barka da war haka. Mu a makarantarmu duk ƙarshen shekara muna yin wasa ranar ba da kyaututtuka, ya dace mu riƙa ɗauka a bidiyo?
Wani ɗalibi, daga Maraɗi

AMSA: Ƙwarai kuwa ɗana, ku ɗauka, har ma gwajin da kuke yi kafin ranar. Ba abin da ke gyara ɗan wasa kamar ya ga kansa ya ba 'yan kallo ƙeya yana magana, malami ya faɗa sau goma bai ji ba amma ya gani sau ɗaya ya daina. Ku kafa wayar wuri ɗaya a kwance yadda za ta ɗauko dandamalin duka, banda yawo da ita ana zumin, kuma ku matso da ita kusa don sauti ya fi hoto muhimmanci, in injin wuta na ruri a bayanku to kun ɗauki injin ne ba wasan ba. Sannan ku nemi izinin shugaban makaranta da iyaye, musamman in da 'yan mata a ciki, bidiyon ya zauna a hannun malaminku, kar wani ya yanko inda wata ta yi tuntuɓe ya kai TikTok. 'Yan ajin baɗi sai su kalli naku bayan sun gwada nasu.