Maganin tazarar haihuwa da tsoron ƙidaya a Amurka: abin da na gani da idona

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka tun jiya da dare, sai yau na samu zama. Ka ce abokinka ya gaya maka cewa 'yan siyasar Amurka suna yaƙi da maganin hana ɗaukar ciki a ƙasarsu don kada Turawa su zama tsiraru, mu kuma suna turo mana shi don a rage mu, shi ya sa kake shakkar barin maiɗakinka ta bi shawarar da aka ba ta a asibiti bayan ta yi kunika. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekara tara ina aiki a ɗakin haihuwa a Kano, yanzu kuma na haura shekara goma sha biyar a jihar Ohayo ta Amurka, mafi yawansu a asibitin mata. Maganar abokinka akwai gaskiya a cikinta, sai dai ya tsinko rabinta ya bar rabi.

Tsoron yana nan, kuma tsoho ne. Tun a shekarun 1860 wani likita na birnin Boston, Horatio Storer, wanda ya jagoranci yunƙurin haramta zubar da ciki, yake tambayar matan ƙasarsa ko 'ya'yansu ne za su cika yankin yamma ko kuwa 'ya'yan baƙi. A 1873 aka yi dokar Comstock, wadda ta haramta aika maganin hana ɗaukar ciki ta gidan waya, har ma da takardar da ke bayaninsa. A 1905 shugaban ƙasa da kansa, Theodore Roosevelt, ya tsaya gaban babban taron iyaye mata ya ce ƙin haihuwa daidai yake da ƙabila ta kashe kanta. Abin da ke ba ni dariya shi ne su wane ne baƙin da ake tsoro a lokacin: 'yan Ayalan, 'yan Italiya, 'yan Folan da Yahudawan gabashin Turai, yawancinsu Katolika ko Yahudawa. Har dokar shige da fice aka yi a 1924 don toshe wa yawancinsu hanya. Yau jikokinsu fararen fata ake lissafa su, kuma wasu cikinsu ne ke kukan za a mamaye su.

A zamaninmu ƙidaya ce ta sake hura wutar. A 2010 fararen fatar da ba 'yan asalin Latin Amurka ba sun kai kashi 63.7 cikin ɗari, a ƙidayar 2020 suka dawo kashi 57.8, kuma hukumar ƙidaya ta yi hasashen za su gaza rabin jama'a wajen 2045. A 2017 wani ɗan Majalisar Wakilai daga jihar Iowa, Steve King, ya rubuta cewa ba za a iya farfaɗo da wayewarsu da jariran wasu ba. Wanda ya kashe masallata 51 a birnin Christchurch na ƙasar New Zealand a watan Maris na 2019, da maganar yawan haihuwa ya buɗe takardar da ya bari. Wanda ya harbe baƙaƙen fata 10 a wani kanti a birnin Buffalo na jihar New York a watan Mayun 2022 shi ma waƙar da ya rera ke nan, wai ana maye gurbin farar fata. Ni kaina na taɓa sha. Wani dattijo da ya rako 'yarsa awo ya kalli hijabina, ya kalli matan Somaliya da ke zaune a ɗakin jira da 'ya'yansu, ya ce min cikin murmushi nan da shekara ashirin ƙasar za ta zama tamu, mu baƙi. Na auna jinin 'yarsa na ce Allah ya sauke ta lafiya, ban ƙara ko kalma ba.

To amma ga inda abokinka ya yi tuya ya manta da albasa. Mai tsoron ƙidaya bai taɓa ƙin maganin ga kowa da kowa ba. Matan gidansa yake so su haihu, matan maƙwabci kuma su daina. A shekarun da ake hana farar mace mai hali sanin yadda za ta ba da tazara, a shekarun ne jihohi sama da talatin suka yi dokar juya wa mutane mahaifa ko yi musu dandaƙa bisa dole, Kotun Ƙoli kuma ta amince da hakan a 1927. Mutum sama da 60,000 aka yi wa. Jihar North Carolina kaɗai ta yi wa kimanin 7,600, kuma a shekarun ƙarshe na shirin yawanci baƙaƙen mata ne. Fannie Lou Hamer, fitacciyar 'yar gwagwarmayar nan ta Mississippi, ta je a cire mata ƙari a 1961 aka haɗa da mahaifarta ba a tambaye ta ba. A 1973 a Montgomery ta jihar Alabama aka juya wa wasu 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya mahaifa, ɗaya shekararta 14 ɗaya 12. Uwarsu ba ta iya karatu ba, alama kawai ta zana a takarda, a zatonta allurar tazara za a ci gaba da yi musu.

Wannan ba labarin littafi ba ne a wurina. Wata tsohuwa baƙar fata, asalinta daga kudancin ƙasar, ta taɓa kawo jikarta mai shekara sha tara da ta haihu. Da likita ya ambaci robar hannu, tsohuwar ta miƙe tsaye ta ce ba wanda zai taɓa yarinyar. Bayan likita ya fita ta kama hannuna ta ce innarta ta shiga asibiti da ciwon ciki tana budurwa, ba ta taɓa haihuwa ba har ta mutu, sai da ta tsufa ta gano abin da aka yi mata. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na fi awa ɗaya tare da su, na nuna musu robar, na bayyana cewa duk ranar da yarinyar ta so a cire, a minti kaɗan ake cirewa. Bayan sati uku yarinyar ta dawo ita kaɗai ta ce a sa mata.

Sai kuma abu na biyu, wanda ba a cika faɗa ba. Yawancin mutanen da na sani da ke ƙin maganin, ba ƙidaya ce a ransu ba, addini ne. Cocin Katolika ya haramta shi, Fafaroma Paul na shida ya jaddada hakan a 1968. Abokiyar aikina da ta fi kowa tsanani a kan wannan 'yar asalin Meziko ce mai 'ya'ya shida, wato irin mutanen da mai wariya ke tsoron yawansu. Akwai tsofaffin mata farare da ke tsayuwa kusa da asibitinmu riƙe da carbinsu suna addu'a, na kuma ga ɗayansu da idona tana ba wata 'yar Somaliya buhun kayan jarirai. Ba zan iya kiran wannan matar mai wariya ba, ko da ban yarda da ita ba. Lissafin ma bai fita: cikin da ba a shirya ba ya fi yawa a wurin matalauta, baƙaƙe da 'yan Latin Amurka, saboda haka in aka tsaurara samun magani, haihuwarsu ce za ta fi ƙaruwa. Wasu riƙaƙƙun masu wariyar sun gane haka, shi ya sa za ka ji suna goyon bayan zubar da ciki a fili. 'Yan siyasa dai kowane kifi ya faɗo komarsu nasu ne. Suna karɓar ƙuri'ar mai carbi, suna karɓar ta mai tsoro, su yi magana mai harshen damo da kowa zai ji abin da yake so.

Ka kuma sani cewa maganin halal ne a dokar duk jihohi hamsin. Kotun Ƙoli ta soke haramcinsa ga ma'aurata a 1965, ga marasa aure a 1972. Shirin gwamnatin tarayya da ke biya wa matalauta kuɗin tsarin iyali, shugaba Nixon ne ya sa masa hannu a 1970, ɗan jam'iyyar Rifablikan. Tun 2024 akwai ƙwayar da ake saya a kantin magani ba takardar likita. Abin da ya tayar da hankali shi ne hukuncin watan Yunin 2022 da ya soke 'yancin zubar da ciki a matakin tarayya, inda mai shari'a Clarence Thomas, wanda shi kansa baƙar fata ne, ya rubuta cewa ya kamata a sake duba hukuncin 1965 ɗin ma. Majalisar Wakilai ta yi sauri ta zartar da ƙudurin kare maganin da ƙuri'a 228 da 195, 'yan Rifablikan takwas kacal suka goyi baya. A Majalisar Dattawa a 2024 ya samu 51 da 39, alhali 60 ake buƙata. Masu adawa suka ce wasan siyasa ne kawai tunda ba wanda ya hana kowa, kuma ƙudurin zai tauye haƙƙin masu addini. A watannin da suka biyo bayan hukuncin, mata sun cika mana asibiti suna neman robar mahaifa mai shekaru, fararensu da baƙaƙensu, don gudun abin da ka je ya zo.

Batun wai suna hana nasu suna turo mana kuwa, ɓangaren da ke adawa da shi a gida shi ne ke yanke kuɗinsa a waje. Tun 1984 duk shugaban Rifablikan da ya hau sai ya ɗaure tallafin tsarin iyali na ƙasashen waje da sharuɗɗa, na Dimokurat ya zo ya kwance. Ban ce zargin mutanenmu ya faɗo daga sama ba. A 1974 an rubuta wani rahoton tsaro ƙarƙashin Henry Kissinger, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, da ya lissafa ƙasashe 13 da yawan jama'arsu ke damun Amurka, Najeriya na ciki. Amma ina Kano a 2003 lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna saboda raɗe-raɗin yana hana haihuwa. Yaran da suka sha ɗigon nan yau iyaye ne, wasu da uku wasu da huɗu. Waɗanda aka ɓoye a ɗaki, na san wasu da har yanzu da sanda suke tafiya.

Ita maiɗakin taka ba Kissinger ba ne ya duba ta, ma'aikaciyar da ta ga jininta da ƙarfinta ce. Kunika na cinye jinin uwa, tana jawo haihuwar bakwaini, shi ya sa ake so a samu kamar shekara biyu bayan haihuwa kafin wani ciki, kusan daidai da lokacin shayarwar da muka taso muka tarar iyayenmu na kiyayewa. Ka raka ta da kanka. Ka tambaya wane iri ne za a ba ta, ƙwaya, allura ko roba, me yake jawowa ga al'ada, kuma yaushe haihuwa ke dawowa in an daina. Allurar wata uku takan ɗauki watanni kafin ta saki jiki, roba kuwa da an cire mace na iya ɗaukar ciki nan da nan. In tana da hawan jini ko ciwon kai mai tsanani ta faɗa tun kafin a rubuta mata komai. Kada ta sa hannu a takardar da ba a karanta mata ba, kuma ka bar ta ta yi tambayoyinta da bakinta. Ka gaishe min da ita da jariri.