Igiyar ƙasa da baƙin dutse

Maigidana, saƙonka ya iso. Ka ce an tura ka aiki wajen Ejura, kana tambayar ko ɗauri da tsaga da baƙin dutsen da muka gada suna maganin saran maciji, da kuma abin da ya sa ba ma kiran sunansa da dare.

Zancen suna mai sauƙi ne. Igiyar ƙasa muke cewa don kada ya ji ya zo. Haka muka tarar a Aboabo, ni har yau bakina ba ya iya faɗinsa bayan magariba. Wannan riƙe abarka, ba ta cutar da kowa.

Ɗaurin nan kuwa, na ga aikinsa da idona. Ƙanena ne kububuwa ta sara a ƙafa muna ɗibar doya. Muka tamke cinyarsa da igiyar buhu, wani gardi ya zo ya tsattsaga wurin da aska, ya manna dutsensa. Ashe dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, mu kuma muka buɗe masa hanya. Zanena ya jiƙe sharkaf. Kafin asuba har dasashinsa jini yake yi. A asibiti suka ɗebi jininsa a 'yar kwalba, aka jira minti 20 bai daskare ba, nan suka sa masa allurar kashe dafi. Ya tashi, alhamdulillahi, amma ƙafar da muka ɗaure ta ruɓe, sai da aka cire yatsu biyu.

To, in ta faru, Allah ya kiyaye, ku janye mutum daga wurin, kada ya yi gudu ko tafiya, ɗaukarsa za a yi. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi. A jera sanda a jikin ƙafar, a naɗe da zane sakwa-sakwa don kada ta motsa. Ban da yanka, ban da tsotsa, ban da asfirin. Kada wani jarumi ya tsaya farautar macijin. In tofi aka yi masa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa. A kira 112, ko a tari duk motar da ta zo. Addu'a a yi ta a cikin mota.

Tun ranar da ka sauka ka tambayi asibitin da ke da allurar, don ba kowane ke ajiye ta ba. Kuma ka sayi takalmin roba mai tsawo da tocila, ka bar mini silifas ɗin gayun nan naka a Kumasi.